Tambayoyin Masu Karatu: Shin Kwas ɗin Injiniya na Lokacin Hutu a Amurka Yana Sama wa Yaro Gurbi a Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'ya da ke aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma tun tana ƙarama burinta shi ne ta zama injiniya. Kawunta da ke zaune a Amurka ya ce jami'o'in can suna shirya wa 'yan sakandare kwasa-kwasan injiniya a lokacin dogon hutu, ya kuma ba mu shawarar mu haɗa kuɗi mu tura ta. Me ake koyarwa a waɗannan kwasa-kwasai, shin suna sa a ɗauki yaro a jami'a, kuma ya dace mu taɓa ajiyar da muka yi domin karatunta? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya ta, ya cika mata burinta. Maganar kawun nata gaskiya ce, sai dai kwasa-kwasan nan iri biyu ne, kuma kafin ki fitar da ko sisi ya kamata ki san wanne daga ciki yake nufi.

Iri na farko kyauta ne, amma shigarsa sai an yi da gaske. Jami'ar MIT da ke jihar Massachusetts tana da shirin MITES, wanda aka fara a 1975, inda ɗaliban da ke shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare suke zama a harabar jami'ar har makonni shida, suna karanta lissafi da fiziks da sauran darussan kimiyya, suna kuma yin aikin gwaji na hannu, ba tare da sun biya kuɗin karatu ko na abinci ko na masauki ba. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh tana da makamancinsa mai suna SAMS. Matsalar ita ce, an ware waɗannan shirye-shirye biyu ne domin 'yan ƙasar Amurka da masu takardar zama ta dindindin, saboda haka yarinyar da ke karatu a Kaduna da fasfo ɗin Najeriya ba ta cikin lissafinsu. Akwai kuma wani shiri mai suna RSI, wanda aka soma a 1984 kuma ake gudanarwa a MIT, shi ma kyauta na makonni shida. Yana karɓar wasu ɗalibai daga ƙasashen waje, amma duka-duka kimanin mutum 100 ake ɗauka a shekara, kuma ya fi karkata ga binciken kimiyya a ƙarƙashin wani masani fiye da koyar da aikin injiniya a aji.

Iri na biyu shi ne na biyan kuɗi, kuma ina kyautata zaton shi kawun nata yake nufi, domin shi ne wanda 'yan ƙasashen waje suka fi samun shiga. Manyan jami'o'i da dama suna da shi, kuma kuɗin wanda ake kwana a makaranta yakan kai dubban daloli, ban da tikitin jirgi da kuɗin biza da inshorar lafiya. Kada a ɗauka cewa don ana biya, karatun na banza ne. Shirin Engineering Innovation na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, wanda ake yi cikin makonni huɗu, ya isa misali. Ana ɗanɗana wa ɗalibi fannoni daban-daban, daga na gine-gine da na injuna zuwa na lantarki da na sinadarai, sannan a rufe da gina gada da busasshiyar taliya da gam. Wanda ya ji daga nesa zai ce wasan yara ne, alhali kuwa kafin a ɗora sili ɗaya a kan ɗan'uwansa sai ɗalibai sun gwada ƙarfin taliyar a ɗakin gwaji, sun auna irin jan da take iya jurewa kafin ta tsinke da irin nauyin da ke lanƙwasa ta, sun lissafa yadda nauyi zai rarrabu a kan kowane ɓangare na gadar, sun kuma zana ta a takarda. A ranar ƙarshe ana rataya wa kowace gada nauyi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har sai ta karye, kuma daga inda ta fara karyewa ne ɗalibi zai gane ko lissafinsa ne ya kuskure ko kuwa hannunsa ne bai bi abin da ya zana ba. Wannan ɗabi'a ta aunawa da lissafawa da ginawa da gwadawa, sannan a koma a gyara, ita ce ainihin abin da ake saya da kuɗin, kuma ita ce abin da makarantunmu da yawa ba su bayarwa, saboda an fi horar da yaro a kan haddace ƙa'ida domin jarrabawa.

Game da samun gurbi kuwa, amsar ita ce a'a. Halartar kwas ɗin hutu a wata jami'a ba ya wajabta mata ɗaukar yaron a karatun digiri, kuma jami'o'in da kansu sukan faɗi haka a takardunsu. Sau da yawa ma sashen da ke gudanar da kwas ɗin daban yake da ofishin ɗaukar ɗalibai. Masu tantance takardu sun san bambancin yaron da aka zaɓo daga cikin dubbai saboda ƙwazonsa da wanda iyayensa suka iya biya, kuma abin da suka fi dubawa shi ne sakamakon makaranta da shaidar malamai da abin da yaron ya taɓa yi da kansa. Johns Hopkins tana bai wa wanda ya ci kwas ɗinta da kyau kiredit uku na jami'a, wato makin kwas da ake lissafawa a cikin karatun digiri, amma jami'ar da zai shiga daga baya ita ke da ikon karɓa ko ƙi. A Najeriya kuwa takardar ba ta maye gurbin WAEC ko NECO ko JAMB ta kowace fuska.

Akwai kuma batun lokaci, wanda iyaye kan manta. Galibin kwasa-kwasan suna farawa ne daga ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da 'yan aji biyu a nan suke tsakiyar zango na uku suna shirin jarrabawar canjin aji. Neman shiga waɗanda ake gasa a kansu yakan rufe tun tsakanin Disamba da Fabrairu. Dokokin bizar Amurka ma suna yawan sauyawa, kuma samun takardar karɓa daga makaranta ba ya nufin za a bayar da biza, saboda haka kada a biya kuɗin da ba a mayarwa sai an tuntuɓi ofishin EducationUSA da ke Abuja ko Legas, wanda ke ba da shawara kan karatu a Amurka.

Shawarata, Hajiya, ita ce kada ki taɓa ajiyar karatunta saboda makonni huɗu. Idan kawun nata zai ɗauki nauyi daga aljihunsa, to madalla, ta je ta buɗe ido. Idan kuwa daga kuɗin da za ta yi digiri da shi za a cira, an yi gyaran gangar auzinawa. Abin da ke kayar da ɗaliban injiniya a shekarun farko na jami'a shi ne raunin lissafi, don haka idan makarantarsu tana koyar da lissafi mai zurfi da zanen fasaha, ta ɗauke su ko da ba a tilasta mata ba, ta kuma riƙe fiziks da kemistiri da Turanci, waɗanda tare da lissafi su ne darussa huɗun da mai neman injiniya ke rubutawa a JAMB. Darussan Khan Academy da na MIT OpenCourseWare kyauta ne a intanet, kuɗin data kawai za a kashe. Ki roƙi kawun nata ya aiko mata da allon Arduino, wato ɗan ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa umarni domin sarrafa na'urori, da 'yan kayan haɗinsa, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na tikiti ba, ta haɗa abin da zai amfani gida, kamar na'urar da ke kashe famfon ruwa idan tanki ya cika. Idan akwai ƙungiyar JETS, wato ta ɗalibai masu sha'awar injiniya da kimiyya, a makarantarsu ta shiga. Kuna kuma da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato kasuwar Panteka, inda masu walda da masu ƙera injuna suke aiki kullum. Idan aka sami amintaccen mai sana'a da zai bar ta ta riƙa zuwa a lokacin hutu tare da wani babba daga gida, za ta ga yadda ake auna ƙarfe a yanka a haɗa, ta dawo ta gwada lissafin littafinta a kan abin da ta gani. Ta riƙa rubuta duk abin da ta gina da inda ya ƙi aiki da yadda ta gyara shi, domin irin wannan kundi yana da amfani a lokacin neman gurbi ko tallafin karatu a ko'ina.

TAMBAYA: Malam, na gama sakandare a bana. Shin IJMB da ake yi a nan gida daidai yake da kwas ɗin share fagen injiniya na ƙasashen waje? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Ba ɗaya ba ne, ɗana. Na Amurka ana yin sa ne tun yaro yana sakandare domin ya ɗanɗani fannin, shi kuwa IJMB, wanda ke ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, karatu ne na kimanin shekara guda bayan an gama sakandare, kuma hanya ce ta shiga jami'a kai tsaye. Mai neman injiniya yana ɗaukar lissafi da fiziks da kemistiri, idan ya sami makin da jami'ar ke buƙata sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, ya fara daga aji biyu, ya yi shekara huɗu maimakon biyar. Ka tabbata kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci da waɗannan darussa uku, ka kuma bincika ko jami'ar da kake so tana karɓar IJMB a sashen da ka zaɓa kafin ka biya kuɗin rajista a kowace cibiya.