Zan cire rabin jarina in sayi injin neman zinare: amsa ga wani ɗan kasuwa a Yauri

Tambayar ta zo ne daga wani mai sayar da shinkafa a kasuwar Yauri. Ya ce: "Malam, wani dillali ya kawo mini injin neman zinare, ya ce yana hango shi har zurfin mita goma. Ina so in cire rabin jarina in saya, in ba yarana biyu su shiga daji mu riƙa raba abin da aka samu. Ni dai ban taɓa riƙe injin ba, su ma haka. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka dakata da cire kuɗin nan tukuna. Ba cewa nake babu zinare a ƙasarku ba. Akwai shi a Yauri da Ngaski da Fakai, kuma a watan Yulin 2020 Babban Bankin Najeriya ya sayi sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 a kan naira miliyan 268 ƙarƙashin PAGMI, shirin gwamnatin tarayya na bunƙasa aikin ƙananan masu haƙar zinare, wanda aka fara gwajinsa a Kebbi da Osun. Matsalar ita ce injin ba ya aiki da kansa. Kunne da hannun mai riƙe da shi ne rabin aikin, kuma a cikinku ukun babu wanda ya koya.

Maganar mita goma ƙarya ce. Injin hannu yana da faifai a ƙasan sandarsa wanda ke aika maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya gamu da ƙarfe sai ya yi ƙara. Ɗan guntun zinare mai girman ƙwayar dawa, sai yana kusa da sama, bai wuce 'yan santimita ba, kafin a ji shi. Babban curi ne ake iya ji a zurfin kamu ɗaya ko abin da ya ɗan fi haka. Idan kuma abin da aka kawo maka mai tsinkayen ƙarfe biyu ne da suke juyawa wai suna nuna inda zinare yake daga nesa, ka mayar wa mai shi kayansa, wannan ba inji ba ne.

Akwai kuma tambayar da dillali ba zai yi maka ba: wane irin zinare ne a wurin da yaran za su je? Mafi yawan zinaren yankinmu gari ne a cikin farin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke kafin a gan shi, ko kuma ƙura ce a yashin rafi. Injin ba ya jin wannan ƙurar. Abin da yake ji shi ne guntu, wanda za ka iya ɗauka da yatsa. Shi ya sa ya yi suna a Sudan, sannan daga 2014 a Jado ta Nijar, inda ake tsintar curi a kusa da saman ƙasa. Ka je wurin masu haƙa na ƙauyen da kake nufi ka tambaye su ko suna tsintar guntu ba tare da niƙa ba. Idan suka ce a'a, kuɗinka ya tsira tun daga nan.

Idan suka ce ana samu, to ka fara da haya, kada ka fara da saye. Ka nemi wanda ya iya, ka biya shi ya koya wa yaro ɗaya, wanda ya fi haƙuri a cikin biyun, kai ma ka tsaya ka gani. A share fili a bayan gida, a binne ƙusa da murfin kwalba da tsabar kuɗi da ɗan guntun dalma, kowanne a zurfi daban, a yi alama. Dalma tana ba da sauti mai kama da na zinare, don haka ita ce abin koyo mafi araha. Yaron ya riƙa karkaɗa faifan dab da ƙasa, a kwance, a hankali, kowane zagaye ya hau kan rabin na baya. Sabon shiga yakan ɗaga faifan a ƙarshen kowace karkaɗawa, kuma nan ne ake tsallake abu. Ya cire agogo da zobe, ya nisanta waya, ya sa abin ji a kunne, domin sautin da ke da kuɗi sau da yawa ɗan siriri ne.

Abin da ya fi wahalar da masu koyo a nan shi ne jar ƙasarmu da marmara. Suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, sai injin ya yi ta kuka babu komai. Dole a iya daidaita shi da ƙasar wurin kafin a fara, a kuma sake daidaitawa idan launin ƙasa ya canza. Injuna iri biyu ne a kasuwa. Akwai VLF, irin Gold Monster 1000 na kamfanin Minelab, mai sauƙin koyo da jin ƙananan guntaye. Akwai PI, irin jerin GPX, wanda ya fi jure jar ƙasa ya fi nisan ji, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Jabunsu sun yi yawa. Duk ranar da za ka saya, ka sa a gwada shi a kan ƙasar da za a yi aiki, ka tantance lambarsa, ka karɓi rasit. In ba haka ba ka yi cinikin biri a sama.

Sai takarda. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sanya duk ma'adinin da ke ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, ko da a gonarka yake. Masu ƙaramin ƙarfi suna shiga ƙungiyar gama kai mai rajista, su yi aiki a fili mai lasisi. Tun 2024 akwai dakarun tsaron ma'adinai da aka ware daga jami'an Sibil Difens, suna kama mutane suna ƙwace kayan aiki. Ga kuma 'yan bindiga a wasu dazuzzukan. 'Ya'yan mutane za ka tura, kada su kwana inda kai ba za ka iya kwana ba. Ka kuma hana su kawo dutse gida don niƙa, saboda ta haka ne gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

Game da kuɗin kuwa, uwar kuɗin shinkafa ba ta fita. Ka ware wani abu daga riba, adadin da in ya tafi baki ɗaya shagonka ba zai girgiza ba. Ka buɗe littafi: haya, mai, abinci, batir, ladan mai koyarwa, sannan giram nawa aka samu da yadda aka sayar. A rubuta yadda za a yi rabo a gaban shaidu, a riƙa awo kana wurin, domin guntun zinare yana shiga aljihu babu wanda ya gani. Bayan wata uku ka kwatanta abin da littafin ya nuna da ribar da wannan kuɗin zai kawo maka da ka zuba shi a shanshara lokacin kaka. Idan zinaren ya rinjaya, ka sake rubuto mini mu duba irin injin da ya dace da ƙasar wurin.