Amsa: A sayi gem ranar fitowarsa ko a jira ragi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka biya cikakken kuɗi ko ka jira a yi ragi. Ni dai shawarata ka jira, sai fa in gem ɗin na bugawa da abokai ne ta intanet.

Manyan gem a PS5, na'urar buga gem ta Sony, yanzu dala 70 ake sayar da su, kuma ka san yadda dala take a hannunmu. Ɗauki gem ɗin ƙwallon ƙafa EA Sports FC: ƙarshen Satumba yake fitowa, amma kafin Black Friday, ranar babban ragi a shaguna a Nuwamba, farashin ya fara sauka sosai. Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, ita ma tana babban ragi a ƙarshen Yuni da Disamba.

Ba kuɗi kaɗai jira ke cetowa ba. Gem ɗin Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli, har Sony ta cire shi daga shagonta. Waɗanda suka yi haƙuri sun same shi a gyare, kuma da araha.

Nintendo ce dai ba ta cika rage farashin gem ɗinta ba, nan jira bai da wani amfani.

In ka matsu ka saya a Steam, za su mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14 matuƙar ba ka kai awa 2 kana bugawa ba.