Amsa ga mai tambaya kan koyon wasan poka

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya koyon poka, wato wani wasan karta, nau'in da ba a ƙayyade yawan abin da ake zubawa ba, don nishaɗi kawai. Zai iya, amma a nan Sakkwato maganar kuɗi ba ta taso ba, domin caca haramun ce, kuma dokar shari'a da jihar ta ɗauka a 2000 ta hana ta. Akwai ma malaman da ba sa son karta ko da babu ko sisi, don haka ka nemi fatawa tukuna.

Mu a majalisarmu ta Mabera da marufan kwalbar lemo muke yi, kuma matsalar da muka fara cin karo da ita ita ce, tunda marfi ba ya da daraja, kowa sai ya tura nasa gaba ɗaya a kowane zagaye, wasan ya lalace. Maganin da muka samu shi ne a raba wa kowa marufa daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya koma gefe yana kallo har a tashi. Tsoron zaman bencin nan ya sa mutane suka fara lissafi.

Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku, ɗaya, ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauka yaudarar abokin wasa ce gwaninta, alhali mafi yawan katunan da za a ba ka na yarwa ne. As biyu (As shi ne katin da ya fi kowane girma), alal misali, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Ka fi shiga wasa idan kai ne na ƙarshen magana, domin ka riga ka ga abin da kowa ya yi.

Lissafin kuwa ba wuya. A ce bayan buɗe ukun farko kana da kati huɗu masu alama iri ɗaya, kamar duk masu zanen zuciya, kana jiran na biyar da zai ba ka hannu mai ƙarfi. Tara ne za su cece ka cikin 47 da ba ka gani ba, wato kusan ɗaya bisa biyar a kati na gaba. Idan akwai marfi 100 a tsakiya, wani ya ƙara 50, za ka biya 50 don neman 150, wanda ke buƙatar damar ci ta kai ɗaya bisa huɗu, alhali taka kusan ɗaya bisa biyar ce. A nan ajiye katin ya fi, sai dai idan kana da tabbacin zai ƙara zubawa bayan naka ya fito.