Filin Tambayi Anti Nas: Na ɗauki adashi zan je Turkiyya a gyara min ƙirji da tumbi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. A Jidda nake zaune, shekarata 34, haihuwata biyar, na ƙarshen da tiyata aka ciro shi yanzu watansa tara ina shayarwa. Wallahi Anti in na tsaya gaban madubi kuka nake yi, nonona sun zube, cikina ya saki ya yi ninki a kan ɗinkin har mata na min barka wai ina da juna biyu, ga maigida yana shirin ƙara aure bayan Hajji. Na ɗauki adashi riyal dubu 14, wata ƙawata ta nuna min shafin wani asibiti na Istanbul a Instagram sun ce za su ɗaga nono su sa silikon su yanke tumbi su mayar da kitsen a mazaunai duk rana ɗaya, da otal da mota, kwana shida na dawo. Ki ba ni shawara, kuma ya halatta?
Daga wata 'yar'uwa, Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu kuma na ji ta har cikin raina, jikin da ya ɗauki ciki biyar aka kuma yanka shi dole ya nuna, ba sakacinki ba ne. Amma dan girman Allah kar ki tura musu ko riyal ɗaya yanzu.

Na farko dai kina shayarwa. Likitan kirki ba zai taɓa nono mai ruwa ba, sai kin yaye an ƙara kamar wata shida ya koma girman da zai tsaya a kai, in ba haka ba a kan me zai auna? Shi ma gyaran ciki ana so sai mace ta gama haihuwa, don wani cikin zai iya warware ɗinkin naman da aka yi, to ke kin gama ne a shekara 34? Wannan ke da maigida kaɗai kuka sani.

Sannan ki zauna ki yi min wannan lissafin. Wadda aka yi wa aikin ciki a rigingine take kwana an tokare ta da filo, tafiya ma a duƙe take yi kamar tsohuwa na wajen sati guda ko fiye, ga robobi biyu a maƙale suna tsiyayo jini da ruwa cikin 'yar kwalba. Wadda aka yi wa nono ba ta rub da ciki. Wadda aka yi wa cikon mazaunai kuwa, wato BBL ɗin nan, an hana ta zama an hana ta kwanciya a bayanta aƙalla sati biyu don kar kitsen ya mutu. To in an haɗa miki duka rana ɗaya ta ina za ki kwanta ƙanwata, kuma ya za ki zauna a kujerar jirgi kusan awa huɗu a kwana na shida? Daɗewa a ƙarƙashin allurar barci da doguwar tafiya bayan tiyata su ne ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu sai dai wani ikon Allah.

BBL ɗin shi na fi tsoro. In kitsen ya shiga cikin tsoka ya samu babbar jijiya, kai tsaye yake wucewa zuciya da huhu, a kan teburin ake rasa mace. A 2018 ƙungiyoyin likitocin kwalliya sun fitar da gargaɗi cewa ana ƙiyasin rasa mace 1 cikin 3000, shi ya sa suka ce a ƙarƙashin fata kawai za a riƙa zuba shi, abin ya yi sauƙi daga baya amma fa a hannun waɗanda suka bi ƙa'idar. Ko zuƙe kitse da ake rainawa, ai kin tuna Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa guda, a watan Oktoba 2005 ta rasu a Sifen bayan irin wannan aikin, kuma ba kuɗi ta rasa ba.

A ɗakin da nake aiki na taɓa jinyar wata baiwar Allah da ta dawo daga irin wannan tafiyar, ɗinkin mararta ya buɗe tsawon yatsa, gefen ya yi baƙi, tun daga bakin ƙofa kake jin warin, tana riƙe da waya tana ta kiran lambar WhatsApp ɗin da a da ko ƙarfe biyun dare suke amsa mata, shiru kake ji. Ta'aminin (inshorar lafiya) da ke kan iƙamarta (katin izinin zama) bai biyan abin da ya shafi kwalliya, sai da ta sayar da zinarenta, wata biyu muna wanke ciwon nan.

Ki kuma sani silikon ba ya ɗaga nonon da ya zube, cika shi yake yi. Ɗagawa aiki ne daban, a yanke fatar da ta yi yawa a mayar da kan nonon sama, kuma yana barin tabo zagaye da baƙin nonon ya sauko ƙasa, fatarmu kuma ta baƙaƙe tana yawan yin tabo mai tudu, wannan ba za su nuna miki a Instagram ba. Silikon ɗin ma ba na har abada ba ne, yana fashewa, jiki na iya yi masa kewayen tauri ya ƙanƙance yana ciwo, ana so a duba shi da hoto bayan shekara 5 zuwa 6 sannan duk shekara 2 ko 3, mata da yawa sai an sake buɗe su. A 2019 an janye wani samfuri mai kaushin baya na kamfanin Allergan daga kasuwa saboda alaƙarsa da wata irin sankara da ba ta cika faruwa ba.

Tumbin naki kuwa ki gwada wannan yau da dare, ki kwanta a bayanki ki lanƙwasa gwiwa ki ɗago kai kaɗan ki danna yatsu saman cibiya, in kin ji rami da yatsu biyu ko uku suka shige to naman cikin ne ya rabu saboda goyon ciki, in kuma cibiyar na bullowa in kin yi tari wataƙila ƙaba ce, ita wannan lalura ce, likitan tiyata za ki gani a nan Jidda. Duk likitan da za ki je wa ki nemi cikakken sunansa ki duba rajistarsa a shafin Hai'atut Takhassusat, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, ki tabbatar istishari ne, wato babban likita ƙwararre, a tiyatar gyaran jiki, in akwai ƙorafi kuma ga lambar waya 937 ta ma'aikatar lafiya.

Batun halacci ni ba malama ba ce, amma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke da hedikwata a nan Jidda ta zauna kan wannan a Maleshiya a 2007, ta halatta aikin da zai kawar da cutarwa ko aibu ko ya mayar da gaɓa yadda take, kamar sake gina nono bayan an cire shi saboda sankara, ta hana canza lafiyayyar halitta don son zuciya da kwaikwayo. Suna kafa hujja da sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ki kai wa malami bayanin likita ya duba miki naki.

Maganar auren kuwa na san ita ce ke ci miki tuwo a ƙwarya, ko ni ce zan ji. Sai dai namijin da ya sa ranar aure wuƙar likita ba ta ɗaga masa ita, ke kuma za ki tari amarya kina kwance da robobi ga yaro na rarrafe ba ki iya ɗaukarsa sati shida. Ki ajiye kuɗinki, ki yaye ɗanki lafiya, in shekara ta zagayo kina so don kanki ki sake rubuto min mu tsara tambayoyin da za ki yi wa likita.

*

Anti akwai wata a unguwarmu nan Makka tana zuwa har gida ta yi allurar ƙarin hips da nono riyal 800, ƙawayena biyu sun yi ya yi musu kyau, in yi?
Daga Ummi, Makka

A'a Ummi, kar ki yi, ko kyauta ne. Ba ki san me ke cikin sirinjin ba, sau da yawa ruwan silikon ne ko wani mai, shi kuma ba a cikin jaka yake ba, yawo yake a cikin nama, wata uku ko shekara biyu sai ƙulalai da ruwa da ciwon da ba ya warkewa, cire shi kuma sai an haɗa da naman, in a nono ne har hoton gwajin sankara yake rufewa. Ki ce wa ƙawayen naki in suka ji zazzaɓi ko wurin ya yi ja ko numfashi na sarƙewa su tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, nan take su faɗi gaskiyar abin da aka yi musu. Haka ƙwayar ƙibar nan da 'yan Sudan ke kira abu najma, dexamethasone ce, kumburi take sawa da suga da hawan jini, wadda ta daɗe tana sha kar ta yanke lokaci guda sai likita ya rage mata a hankali.

*

Anti ni nonona yawa suka yi, bayana da wuyana kullum ciwo, igiyar rigar mama ta yi min rami a kafaɗa, ƙasansu na saɓulewa lokacin zafi, ko ruku'u da ƙyar. Shekarata 41, ina jin kunyar zuwa asibiti.
Daga Maman Hanan, Madina

Hajiya ke lalura ce da ke, babu abin kunya. Rage nono na cikin ayyukan da na ga mata sun fi yin hamdala bayansa, wata tun a satin farko take cewa kamar an sauke mata buhu. Za ki samu tabo, jin kan nonon na iya raguwa, shayarwa ma na iya wahala in da sauran haihuwa. Ki nemi likita mace a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ta rubuta ciwon bayan da saɓulewar a fayil ɗinki, wannan rubutun shi zai taimaka in za a nemi ta'amin ya biya, a yi miki hoton nono tunda kin haura 40, a duba jini da suga, in kina shan shisha ki bari sati shida kafin aiki. Kafin nan ki riƙa busar da ƙasan da kyau bayan wanka ki sa ƙyallen auduga, ki nemi rigar mama mai faɗin igiya daidai ke.