Littattafan da aka riga aka yi amfani da su kan tarihin matan Yahudawa: wanne ya cancanci kuɗin?

Tambaya: Ina digiri na biyu a fannin tarihi, kundina kuma kan mata da fatauci ne a tsakanin Yahudawa. Malamina ya ce in nemi littafin Glikl ta Hameln. Na ga na hannu a intanet, wani arha sosai, wani ya ninka shi kuɗi. Wanne zan saya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa, malaminki ya yi miki zaɓi mai kyau. An haifi Glikl a Hamburg ta ƙasar Jamus, ta fara rubuta labarin rayuwarta da harshen Yidish na Yahudawan Turai a 1691, bayan rasuwar mijinta a 1689, don 'ya'yanta su san asalinsu. Ita ta ci gaba da riƙe cinikin lu'ulu'u da zinariya da ya bari, tana zuwa manyan kasuwanni irin ta Leipzig, tana aurar da 'ya'ya, har ta rasu a Metz ta ƙasar Faransa a 1724.

Kafin ki duba farashi, duba sunan mai fassara. Wanda ake yawan samu da arha shi ne fassarar Turanci ta Marvin Lowenthal ta 1932. Tana da daɗin karatu, sai dai an rage mata abubuwa da dama, musamman nasihohi da tatsuniyoyin da Glikl take saƙawa cikin labarinta, alhali a nan ake ganin yadda take auna riba da halal da haƙƙin abokin ciniki. Fassarar Beth-Zion Abrahams ta 1962 ta fi ta cika. Wadda masana ke dogaro da ita yanzu ita ce ta 2019, wadda aka gina kan binciken Chava Turniansky, da sharhi a ƙasan shafuka. Ga mai rubuta kundi, ita zan ce ki saya ko da za ki ƙara haƙuri ki tara kuɗin, domin da ita za ki kafa hujja a gaban masu jarrabawa.

Ki nemi dillalin ya turo miki hoton shafin da ke bayan sunan littafi, inda ake rubuta shekarar bugu da kamfani. Hoton bango da suke sakawa a shafukan sayar da littattafai irin su AbeBooks sau da yawa na wani bugun ne daban.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina son sanin yadda matan Yahudawa suka rayu a ƙasashen Musulmi. An nuna min aikin masanin tarihi Goitein, amma juzu'i shida ne. Dole sai na haɗa duka?

Amsa: A'a Malam. Juzu'i na uku na A Mediterranean Society, wanda ya fito a 1978 kan iyali, shi ne naka. Goitein ya gina aikin ne kan takardun da suka taru ɗaruruwan shekaru a wani ɗakin ajiya na wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, waɗanda aka kwashe kaso mai yawa zuwa Jami'ar Kambrij a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai takardun aure da na saki, da lissafin kayan ɗakin amarya, da wasiƙun matan da mazansu suka tafi fatauci Indiya suka daɗe shiru. Yawancinsu Larabci ne da haruffan Ibrananci, kamar yadda malamanmu ke rubuta Hausa da ajami. A ciki za ka haɗu da Wuhsha, dillaliya ta wajajen shekarar 1100, wadda wasiyyarta ta tsira: ta ware sadaka, ta kuma ware kuɗin malamin da zai karantar da ɗanta. Ni dai wannan juzu'in ban taɓa buɗe shi na rufe da wuri ba.

Tunda ɗaya za ka saya, ka tabbata tallan ya faɗi lambar juzu'in ƙarara. Wasu dillalan sukan sa hoton jerin duka alhali ɗaya suke sayarwa, kuma ba lalle na ukun ba ne. Kada ka guji wanda ya fito daga ɗakin karatu: hatimi da lambar da aka manna a ƙashin bayansa ba sa hana karatu, galibi kuma ɗinkinsa ya fi ƙarfi. Abin gudu shi ne wanda ruwa ya taɓa, ko mai warin ruma.

Tambaya: Na ga kundin nan mai juzu'i biyu na Paula Hyman da Deborah Dash Moore kan matan Yahudawa a Amurka, farashinsa ya faɗi ƙwarai. In saya?

Amsa: Aiki ne mai daraja, na 1997, amma yana da nauyi, kuɗin aiko shi daga Amurka zai iya fin kuɗinsa. Cibiyar Jewish Women's Archive ta saka babban kundi kan wannan fanni a shafinta kyauta, ana kuma sabunta shi. Fara daga can. In har kina son na takarda don ɗakin karatun makaranta, ki jira mai dawowa daga Amurka ya riƙo miki, ko ku haɗa odarku ku uku ko huɗu wajen dillali guda ku raba kuɗin dakon.