Busasshiyar Kastana Ko Dafaffen Karas: Wanne Ya Dace Da Mai Ciwon Suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Babanmu yana da ciwon suga. Yayana ya kawo masa busasshiyar kastana ('ya'yan wata itaciya da Turawa ke kira chestnut) daga Turkiyya, ya ce ta fi karas amfani. Wani mai maganin gargajiya kuma ya hana shi dafaffen karas, wai zallar suga ne. Yanzu kullum da yamma sai ya ci kofi guda na kastanar, awonsa kuma sai hawa yake. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kofin nan dai a janye shi tun yau.

Kastana ba dangin gyaɗa ba ce a wajen gina jiki. Gyaɗa mai ne ya cika ta, kastana kuwa sitaci. Giram 100 na busasshiyarta na ɗauke da kalori kusan 370, da kabohaidiret sama da giram 75, mai kuwa wajen giram 4 kacal. Shi ya sa mazauna tsaunukan Italiya suka daɗe suna niƙa ta suna burodi da garin. Ga mai suga, sahunta ɗaya da tuwo da doya. Tana da fotasiyam da bitamin B6, ban musa ba. Dafaffen karas mai wannan nauyin kuwa kalori 35 ne, kabohaidiret giram 8, sauran galibi ruwa, ga bitamin A mai yawa wanda kastana ba ta da shi.

Maganar cewa karas suga ne ta ishe ni, don kullum sai na ji ta a asibiti. Asalinta wani jadawali ne da Dakta David Jenkins da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Toronto a 1981, na auna saurin da abinci ke ɗaga suga a jini. Karas ya samu maki 92, kusa da maki 100 na zallar sugan gulukos, da gwajin mutane kaɗan. Da aka sake aunawa daga baya, sai ya sauko wajen 40. Kuma kafin mutum ya kai yawan kabohaidiret ɗin da ake gwajin da shi, sai ya ci fiye da rabin kilo na karas a zama ɗaya. Wa ke cin haka? Amma masu lasifika a bakin kasuwa da masu tura murya a WhatsApp har yau suna kan tsohon zance. Suna hana dattijo 'yan yankan karas da ke cikin miyarsa, su bar shi da shayi mai cokali uku na suga, sannan su sayar masa da gari a ƙullin leda su ce ya ajiye maganin asibiti. Irin waɗannan dattawan ne ake kawo mana da gyambo a ƙafa yana wari, ido ya fara dusashewa. Wannan zalunci ne, kuma da lafiyar iyayenmu ake yin sa. Masu wannan zancen har cewa suke dafuwa na kashe amfanin karas, alhali zafi ne ke tausasa shi jiki ya fi tsotsar sinadarin da ke zama bitamin A, musamman in da ɗan mai a girkin.

A mayar wa Baba karas ɗinsa a miya ko a dafa-duka. In yana marmarin kastanar, 'yan ƙwayoyi sun isa, kuma a rage masa tuwon ranar. Ki riƙa auna shi awa biyu bayan cin abinci kina rubutawa, ku kai wa likitansa cikin makon nan. Ki roƙa a duba ƙodarsa ma, domin in ta fara rauni, fotasiyam ɗin kastana kansa matsala ne.