Ke mai tambayar intalok da rumfar bayan gida, tsaya ki ji abin da ya same ni

Salam 'yar uwa. Wallahi ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce kina so a sa miki intalok a tsakar gida a kuma yi miki rumfa a bayan kicin, mai aikin ya ce ki ba shi kashi 70 na kuɗin kafin ya kawo ko yashi, kuma ɗan uwan maigida ne shi ya sa kike jin nauyin ce masa a'a. Don girman Allah kar ki ba shi. Ki ji nauyin yanzu na kwana biyu ya wuce, ni da na kasa jurewa har yau ina cikin baƙin cikin abin.

Nawa a Disambar 2023 ne a nan Kano, maigida yana aiki Abuja sai wata-wata yake zuwa, to komai a kaina yake. Mai aikin ɗan kawun maigida ne, Yaya nake ce masa, yana zuwa gidan nan ya ci tuwo ya yi wasa da yara, to ta ina zan buɗe baki in ce a rubuta takarda? Ya yi mana jinga miliyan ɗaya da dubu 300 har da kaya, ya ce in ba shi dubu 900 kafin alƙalami ya je ya kama siminti tunda kullum tashi yake, lokacin buhu bai kai dubu bakwai ba. Kuɗin adashina ne fa na shekara guda da na ɗan kunnen da na sayar. Na tura masa. Ya kawo tifa ɗaya ta yashi ya zube min a ƙofar gida ya ɓace, yau ya je ta'aziyya, gobe masu buga intalok ba su da wuta, jibi wayarsa a kashe. Sai a Fabrairu da siminti ya haura dubu goma, kun dai tuna yadda aka yi ta kuka, sai ga shi ya zo wai kuɗi ba za su isa ba sai na ƙara. Ashe ko buhu ɗaya bai saya ba. Daga baya yaronsa ya gaya min da kuɗina ya je ya ƙarasa aikin wani mutum da ya matsa masa lamba.

Na ƙara fa, don yashi ya toshe min hanya wata biyu maƙota sun fara magana. Bayan ƙaramar sallah ya gama, ja da ruwan toka, kowa ya shigo sai ya ce masha Allah. Ni ma na ji daɗi, na manta wahalar, na cika masa kuɗinsa tas har da na goro.

Iskar farkon damina ita ta fara ɗauke min kwano uku na rumfar ta jefa gidan maƙota, Allah ya tsare ba kowa a waje. Amma wannan ba komai ba ne a kan daren Agusta. Wajen ƙarfe biyu na dare ruwa ya sauko, ba wuta, ina kwance na ji Hajiya uwar maigida tana kiran sunana da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Tana da ciwon gwiwa ba ta iya hawa gado, a katifa take kwana a ƙasa. Na sauko da ƙafata sai na ji ta tsundum cikin ruwa, a cikin ɗakina fa. Na haska fitilar waya tsakar gida ta zama kududdufi, takalman yara suna yawo, ruwan kuma duk ɗakuna ya nufa. Na sami tsohuwar nan zaune cikin ruwa zaninta sharkaf tana rawar sanyi ta ɗaga Alƙur'aninta sama da hannu biyu kar ya jiƙe, ta kasa tashi. Ni kaɗai da goyo a baya na ciccibe ta na ɗora kan kujera, ni da babbar 'yata mai shekara 11 muka yi ta kwasar ruwa da roba har aka kira assalatu, muna kwashewa yana dawowa don ba inda zai bi. Buhun shinkafa ya jiƙe, kafet ya tafi, littattafan makarantar yara duk sun narke. Hajiya kuwa sati biyu tana tari. Na kira Yaya mai aikin a daren nan ya fi sau goma bai ɗauka ba, da ya ɗauka washegari da la'asar kin san me ya ce min? Wai ruwan bana ne ya yi yawa, ikon Allah ne, in yi haƙuri. Ko ya zo ya duba tsohuwar da ta goya shi yana yaro. Da maigida ya kai maganar wajen kawu aka ce a bar ta saboda zumunci, har aka fara cewa ni ce nake son raba 'yan uwa. Har yau in mun haɗu a biki sai ya washe baki ya ce amarya ya gida, ni kuwa zuciyata tafasa take, Allah ya gani ban yafe kuɗin nan ba.

Wani dattijon birkila maƙocinmu ya nemo mana, shi ya nuna min abin da aka yi. Ashe Yaya bai haƙa ƙasa ba sam, kan tsohon daɓen ya zuba yashi ya jera, sai tsakar gidan ta taso kusan daidai da dokin ƙofa, ya kuma toshe rabin rariya, gangaren ma ɗakuna ya kalla. Baba birkila ya ce kowace mita ɗaya ya kamata ƙasa ta sauka kamar santimita 2 daga jikin ɗaki zuwa rariya, kuma rariyar ta fi kwatar waje tudu. Shi da tiyon awo da igiya ya fara kafin ya taɓa komai. To ke ma in mai aikinki ya zo, tambayar farko ki ce masa ina ruwan sama zai bi, ya nuna miki da hannu. In ya ce kar ki damu Hajiya ba matsala, ki damu. Kuma ranar da ya ce ya gama kar ki cika kuɗi, ki sa mai ruwa ya juye kura guda a tsakiyar gidan ki tsaya ki ga inda zai nufa da inda zai kwanta.

Kayan kuma ke ki saya, ko ki tura ɗan uwanki na jini wanda kika yarda da shi, shi mai aiki ya rubuta miki abin da ake buƙata ki biya shi kuɗin hannunsa kawai, shi ma kashi-kashi, in ya haƙa ya yi ciko ki ba shi wani abu, in ya jera ki ƙara, ki riƙe na ƙarshe. Ni zagaye na biyu da ƙafata na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo fayif ɗin ƙarfe, mai walda ya yi min ginshiƙan rumfar aka binne su da kankare, don katakon da wancan ya sa ko baƙin mai bai shafa masa ba gara har ta fara ci. Kwano ki tambayi kaurinsa, akwai mai milimita 0.45 akwai mai 0.55 da ya fi shi kauri, wanda ya sa min kamar gwangwanin madara yake. Kankaren ginshiƙi buhu ɗaya na siminti kwanon sarki huɗu na yashi takwas na tsakuwa, ki tsaya a kansu ki ƙirga, kuma a yi ta ba shi ruwa sati guda. Intalok in mota za ta hau ki nemi mai kaurin santimita 8, in ƙafa ce kawai mai 6 ya isa, ki ɗauki biyu ki gwara su, in ya marmashe an yi masa rowar siminti ne. A daddaɓe cikon da inji kafin a jera, a kama gefe-gefen da siminti in ba haka ba sai ya riƙa buɗewa yana lotsawa.

Af, na manta, leburori. Bayan duk na biya Yaya sai ga yara uku a ƙofar gidana wai bai ba su kuɗin kwana huɗu ba, ɗaya har da hawaye, dole na biya daga kuɗin cefane don ba zan iya kwana da haƙƙin gumin wani a tsakar gidana ba. Ki riƙa tambayarsu kullum da yamma an sallame ku?

Kuma ki sa maigidanki a ciki tun yanzu, shi ya yi magana da ɗan uwansa da bakinsa, a rubuta jingar a takarda ko a WhatsApp da ranar gamawa, da shaida ɗaya wanda ba dangi ba. Mazan nan sai su bar mana tsayuwa a kan aiki, in ya lalace kuma mu ne masu baƙin jini a dangi. In mai aikin ya ce takarda raini ce to ki nemi wani, ki je ki ga gidan da mutum ya yi wa aiki wanda damina ta riga ta bi ta kansa, ki tambayi matar gidan ita kaɗai.

Ki ɗauko hoton rariyarki da dokin ƙofar ɗakunan ki turo nan, zan nuna wa Baba birkila in ya zo gyaran matakala ranar Asabar, ya faɗa miki ko sai an haƙa.